Za a sake fasalin filin karnukan unguwarmu a Bronx: in je taron, kuma me zan faɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx, cikin birnin New York, da yara uku. Tagarmu tana kallon lambun unguwa, kuma a cikinsa akwai filin da aka killace wa karnuka, manne da wurin lilon yara. In an yi ruwa caɓi ne, in zafi ya shigo zarni ne, ga haushi tun da asuba. An manna takarda cewa hukumar lambuna za ta sake fasalin filin, ana neman ra'ayin mazauna unguwa. Ba ni da kare, ba na ma son kusantarsa. In je in ce a tashi filin gaba ɗaya, ko zuwan ma ɓata lokaci ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki je. Wannan zaman na farko ya fi duk waɗanda za su biyo bayansa nauyi, domin a nan ake tsayar da abin da mai zane zai zana. Tun ran gini ran zane. Amma kada ki tafi da buƙatar a tashi filin. Kuɗin da aka ware na sake ginawa ne, saboda haka za a rubuta maganarki a wuce. Ko da kuma an biya miki buƙatar, ke za ki fara jin jiki, don karnukan unguwa ba za su ƙaura ba. Dokar birnin ta ce a riƙe kare da igiyar da ba ta wuce ƙafa shida ba, amma a wasu lambunan an yarda a sake shi a wuraren da aka keɓe, daga buɗewa zuwa ƙarfe tara na safe, da kuma daga tara na dare zuwa rufewa. In babu killataccen fili, a kan ciyawar da yaranki ke birgima za a riƙa sakin su. Shinge mai kyau ya fi yi wa wanda ba shi da kare amfani.

Irin waɗannan filayen ba su daɗe a Amurka ba. Wanda ake ɗauka na farko shi ne na Ohlone a garin Berkeley na jihar Kalifoniya, a 1979, na farko a New York kuwa an buɗe shi a lambun Tompkins Square a 1990. Da yawa daga cikin na farkon an yi su ne ta hanyar kewaye wani lungu da ba a amfani da shi da waya, ba a haƙa magudana ba, ba a duba inda iska ke kaɗawa ba. Caɓin da zarnin da kike gani laifin gini ne, kuma kowannensu yana da magani sananne.

Ga yadda aikin ke tafiya, don ki san inda muryarki ke da tasiri. Kuɗin yakan fito daga kansilan yankinku, ko shugaban gundumar Bronx, ko ofishin magajin gari. Hukumar lambuna, wato NYC Parks, tana kiran taron jin ra'ayi kafin a fara zane. Daga nan mai zanen fili ya tafi ya yi watanni yana aiki, ya dawo da zanen farko ya gabatar wa kwamitin lambuna na majalisar unguwa, wadda suke kira Community Board. Akwai irin waɗannan majalisu 59 a birnin, 12 a Bronx, kowacce da mambobi har 50 waɗanda ba a biyan su albashi. Ƙuri'arsu shawara ce, ba ta ɗaure hukuma, amma hukuma ba ta son ci gaba da zanen da majalisar unguwa ta ƙi. Bayan haka zanen ya je hukumar da ke duba fasalin gine-ginen gwamnatin birni, a ba da kwangila, sannan a fara gini. Daga taron farko zuwa buɗewa shekara uku ba abin mamaki ba ce. Ƙofofin da ke buɗe gare ki biyu ne: wannan taron, da ranar gabatar da zanen farko. Da zarar an ba da kwangila, ko matsar da benci sai an sake lissafin kuɗi.

Kafin ranar, ki tara shaida. Mako ɗaya ya isa. Tunda tagarki na kallon wurin, ki ƙirga karnuka sau uku a rana, wajen bakwai na safe, da ƙarfe uku lokacin tashin makaranta, da shida na yamma, ki rubuta a littafi. Ki lura ta wace hanya masu kare ke bi su isa ƙofa. Bayan ruwan sama, ki ɗauki hoton inda ruwa ya kwanta, ki sake ɗaukar wani bayan awa 24 daga wuri ɗaya. Ruwan da ya kwana ya wuni bai tsotse ba hujja ce da injiniya ba zai yi musu da ita ba. Hoton ƙasa da shinge za ki ɗauka, ki kauce wa fuskokin mutane da na yara. Ki taka daga shingen karnuka zuwa lilo mafi kusa ki ƙirga taku. Kowane ƙorafi kuma ki shigar ta 311, layin wayar karɓar ƙorafi na birnin, ki ajiye lambar da za a ba ki, domin ma'aikata suna duba waɗannan bayanan.

Abu na farko da za ki nema a taron shi ne wurin ƙofa. Yawancin karo tsakanin yara da karnuka a kan hanyar shiga yake faruwa, lokacin da kare ke jan mai shi don ɗokin isa, yaro kuma ya fito da gudu daga wurin lilo. Ki nemi ƙofar karnuka ta koma ɓangaren da ya fi nisa da ƙofar wurin yara, kuma kowacce ta sami hanyarta daga titi, kada mai kare ya ratsa gaban lilo. Dokar lambuna ta riga ta hana shigar da kare wurin wasan yara, amma doka ba ta hana shinge ɗaya ya raba su ba, kuma nan ne matsalar. Yaro yakan zura yatsa ta ragar waya. Kare kuma in ya ga yara suna gudu yakan bi shingen yana haushi, har ya haƙa kwari a gindinsa. Maganin shi ne shinge biyu da tazara a tsakaninsu, ƙafa goma in fili ya bari, ko shida a ƙalla, a cike tsakanin da shuke-shuke masu duhu da tsayinsu ya kai ƙirji, yadda kare ba zai hango yaran ba. Kare ba ya yawan yi wa abin da bai gani ba haushi. A tabbatar ba a dasa masu guba irin su yew ko azaliya ba, kuma kada a zuba ɓawon koko, wanda ake yin cakulan da shi, a gindinsu, don yana cutar da kare in ya ci.

Ita kanta ƙofar dole ta kasance mai zaure: ƙofa ta waje, ɗan fili, sannan ƙofa ta ciki, yadda ba za a buɗe ta biyu ba sai an rufe ta farko. A cikin zauren ake kwance igiya, a cikinsa ake ɗaurawa. Abin da ke lalacewa a nan sananne ne. Sifirin da ke mayar da ƙofa yana saki, sakata ta daina kamawa saboda ginshiƙin ya karkace bayan ƙasa ta daskare ta narke, sai mutane su riƙa barin ta a buɗe. Ki tambayi zurfin da za a binne ginshiƙan cikin kankare da kuma wanda zai riƙa gyara sakata. Dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990 ta wajabta buɗin ƙofa ya kai inci 32, kuma tsakanin ƙofofi biyu masu bin juna a bar inci 48 ban da faɗin ƙofar da ke buɗewa zuwa ciki, saboda haka zaure mai ƙafa huɗu da huɗu ya yi kaɗan. Takwas da takwas ya fi dacewa. Kada a sa ƙofar a kusurwa, domin karnukan ciki sukan yi wa sabon shigowa cincirindo, in ba shi da wurin kaucewa sai faɗa. Tsayin shinge kuwa, American Kennel Club, ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka, tana ba da shawarar ƙafa huɗu zuwa shida. Kusa da yara ki nemi biyar a ƙalla, da dakalin kankare a gindinsa, kada ratar ƙasa ta wuce inci biyu, don ƙananan karnuka ta ƙasa suke fita. A kuma raba wa ƙananan, masu nauyin kilo 11 zuwa 14 ko ƙasa, nasu sashen da ƙofarsa.

Yanzu ga inda aikin yake da gaske, wato ƙasa da ruwa. A nan ake kashe mafi yawan kuɗi, a nan kuma ake yanke kuɗin in kasafi ya gaza, saboda abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba ya fitowa a hoton ranar buɗewa.

Ƙungiyar American Kennel Club tana son filin karnuka ya kai eka ɗaya ko fiye. Eka ɗaya ƙafa murabba'i 43,560 ce, wato kusan fuloti tara na hamsin da ɗari. A Bronx da wuya a sami haka. Filin da ke gaban tagarki wataƙila bai wuce fuloti ɗaya ko biyu ba. Wannan ƙarancin shi ke yanke hukuncin abin da za a shimfiɗa. Masu kare da yawa za su ce ciyawa suke so. A ƙaramin fili ciyawa ba ta rayuwa: farata na tumɓuke ta, takawa na danƙare ƙasa har ruwa ya kasa shiga, sinadarin naitirojin da gishirin da ke cikin fitsari kuma suna ƙone ta. Cikin 'yan watanni an koma laka. Ciyawa tana yiwuwa ne kawai inda fili ya isa a raba biyu, a rufe rabi ya huta.

Ɓarzajjen itace shi ne mafi araha, kuma shi ne yawanci tushen zarnin da kike shaƙa. Yana shan fitsari kamar soso, ba a iya wanke shi, kashi yana ɓoyewa a cikinsa, yana ruɓewa daga ƙasa ya zama taki mai riƙe ruwa. Kuskuren da ake yi shi ne a riƙa zuba sabo a kan tsoho kowace shekara, har ƙasa ta tashi ta binne gindin shinge. In dole sai shi, to a kwashe tsohon gaba ɗaya kafin a zuba sabo. Ki duba yawan abin: fuloti mai ƙafa murabba'i 5,000, a kaurin inci shida, yana cin yadi kubik 93 ko kusa da haka. Wannan aikin tifa da katafila ne, ya fi ƙarfin maƙwabta huɗu da shebur. Shi ya sa ake buƙatar ƙofar aiki mai faɗin ƙafa 10 zuwa 12, wadda sau da yawa ake mantawa da ita a zane.

Garin dutsen giranit, wanda ake daɓewa da injin, ba ya shan fitsari kamar itace, kashi yana fitowa fili a kansa, kuma keken guragu yana iya bi in an daɓe da kyau. Kaurin inci huɗu a kan fuloti ɗaya yadi kubik 62 ne. Aibinsa ƙura. In ya bushe, gudun karnuka yana tayar da ita, iska ta kai ta tagogi, kuma a unguwar da asma ta yi wa yara katutu irin kudancin Bronx wannan ba ƙaramar magana ba ce. Saboda haka wanda ya nemi garin dutse dole ya nemi famfo da tiyo ko na'urar yayyafi tare da shi. A kan gangare mai tsauri kuma ruwa yana zaizaye shi. Ƙananan tsakuwa masu santsi suna tsotse ruwa da sauri, amma suna fantsama waje, suna wahalar da keken guragu da na jarirai, wasu karnukan kuma suna haɗiye su.

Ciyawar roba da aka yi musamman don karnuka tana da kyau a ido, tana kawar da laka. Sai dai tana buƙatar wanki da ruwa akai-akai da maganin kashe ƙwayoyin cuta, in ba haka ba warinta ya fi na itace a watan Yuli. A tsakar rana tana iya haura digiri 60 na Salshiyas, ta ƙona tafin kare, kuma bayan shekara takwas zuwa goma sai an sauya ta. Siminti ko kwalta mai fenti na musamman ba su da taushi, amma su ne mafi sauƙin wankewa, kuma a fili ƙarami mai cunkoso ni su nake fifitawa, muddin akwai inuwa da magudana. Ga mai zama kusa kamar ke, tambayar da za ki riƙe ita ce: wannan shimfiɗar ana iya wanke ta, kuma ina ruwan wankin zai tafi?

Duk abin da aka shimfiɗa a sama, ƙarƙashinsa ne ke yanke hukunci. Ginin kirki yana farawa da gyara ƙasar asali ta sami gangare na kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, wato a tsawon ƙafa 100 ƙasa ta sauka ƙafa ɗaya zuwa biyu. A kai a shimfiɗa ƙyallen tacewa don kada laka ta hau, a binne bututu mai huji-huji mai faɗin inci huɗu ko shida cikin kwarin tsakuwa, a zuba fasasshen dutse inci huɗu zuwa shida, sannan shimfiɗar sama. Ki yi wa mai zanen tambayoyi uku a gaban jama'a. Wane ɓangare gangaren ya fuskanta? In ya fuskanci wurin yara ko filin ciyawa, to duk ruwan sama zai wanko musu abin da ke ciki. Dole ya juya baya gare su, a kuma sa dakali a iyaka. An gwada yadda ƙasar wurin ke tsotse ruwa? A Bronx dutse yana kusa da sama a wurare da dama, kuma ruwa ba ya shiga dutse. Bututun ina zai zube? Ruwan da ya ɗauko kashi ya kamata ya shiga magudanar da ke zuwa matatar ƙazanta. Kusan kashi 60 cikin ɗari na birnin magudana ɗaya ce ke ɗaukar ruwan sama da na bayan gida, kuma tana ambaliya cikin koguna in ruwa ya yi yawa, shi ya sa kwashe kashi kafin ruwa ya same shi ya fi kowane bututu.

Wannan ya kawo mu lafiyar yara, kuma gara ki faɗe ta daidai, ba ƙari ba ragi. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya gwada kashin karnuka 3,006 a filaye 288 na manyan biranen Amurka 30, ya sami tsutsotsi ko ƙwayoyin cutar hanji a kusan kare ɗaya cikin biyar, kuma a kashi 85 cikin ɗari na filayen. Wadda ta fi shafar yara ita ce tsutsar da ake kira Toksokara: yaro ya taɓa ƙasa ya kai hannu baki, ƙwan ya ƙyanƙyashe a cikinsa, wani lokaci ya taɓa hanta ko ido. Amma ƙwan ba ya iya kama mutum ranar da ya fito. Sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya nuna, bayan haka kuma yana iya yin watanni ko shekaru da rai. Ma'anar wannan ita ce filin da ake kwashe kashinsa kullum haɗarinsa kaɗan ne, wanda ake bari ya taru kuwa ƙasarsa ta gurɓace na dogon lokaci. Dokar kwashe kashin kare tana aiki a New York tun 1978, tararta tana kai wa dala 250. Abin da zane zai iya yi shi ne ya sauƙaƙa bin ta: akwatin leda a zaure da wani a can ciki, kwandon shara mai murfi da ɓera ba zai iya shiga ba, a ajiye shi nesa da bencinan wurin yara, da fitila mai haske, domin a hunturu duhu yana yi kafin biyar na yamma kuma mutum ba ya kwashe abin da bai gani ba. Kwantaccen ruwa da kwanon sha na tarayya suna yaɗa wasu cututtukan, ciki har da wadda fitsarin ɓera ke kawowa, saboda haka famfon karnuka ya kasance mai kwano da ke tsiyayewa da kansa, a kan kankare mai magudana, nesa da famfon da yara ke sha. A allon ƙa'idoji a rubuta lasisi da allurar haukan kare, waɗanda doka ta riga ta wajabta, da hana ƴan kwikwiyo da ba su kai wata huɗu ba.

Haushi kuwa, kada ki yarda a ce miki za a dasa itatuwa su tare shi. Layin shuke-shuke yana tare ido, amma sautin da yake ragewa kaɗan ne ƙwarai, ragar waya kuma ba ta rage komai. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙara tana raguwa da kusan desibel shida, wato ma'aunin ƙarfin sauti. In haushi ya kai 90 a nisan mita ɗaya, zai zama wajen 66 a mita 16, 60 a mita 32. Katanga mai kauri tana rage biyar zuwa goma, amma ga wanda ta tare wa gani kaɗai. In kina hawa na huɗu kina hango karen ta samanta, ba ta yi miki komai ba. Abin da ke aiki shi ne a matsar da ƙofa da bencina, inda karnuka ke taruwa su yi hayaniya, zuwa ɓangaren da ya fi nisa da gidaje, a toshe musu ganin masu wucewa, sannan a tsayar da lokacin buɗewa da rufewa a rubuce. In haushin asuba ne ke damun ki, ki faɗi ƙarfe nawa kike so a buɗe. Fitilu kuma a sa masu hula da ke haska ƙasa, masu kashe kansu lokacin rufewa.

In akwai manyan itatuwa a ciki, ki nemi a kewaye gindinsu. Fitsari yana cin ɓawonsu, takawa tana shaƙe saiwa. Ƙa'idar da masu kula da itatuwa ke yawan bi ita ce a bar ƙafa ɗaya daga gindi kan kowane inci na kaurin itacen.

Tambayar da ta fi kowacce saurin sa ɗaki ya yi tsit ita ce: wa zai kula da wurin bayan an buɗe? Kuɗin gini daban, kuɗin kulawa daban, kuma doka ba ta bari a ɗebi na farko a yi na biyu. A New York yawancin waɗannan filayen ƙungiyoyin sa-kai na masu kare ne ke share su, su sayi leda, su tara kuɗin gyara. Inda ƙungiyar ke da ƙarfi, fili yana da tsabta. Inda ta watse, sabon fili yana komawa yadda yake cikin shekara biyu. Ki tambaya ko akwai ƙungiya, mutum nawa ke aiki a cikinta da gaske, sau nawa ake kwashe shara a mako, wa ke riƙe da mabuɗin famfo, me za a yi a watannin sanyi da ake rufe ruwa don kada bututu ya fashe. Ki nemi a rubuta amsoshin, a manna lambar wayar mai alhaki a ƙofa. In babu ƙungiya mai ƙarfi, to wannan kaɗai hujja ce ta ƙin ciyawar roba da ɓarzajjen itace, a zaɓi abin da ma'aikaci ɗaya zai wanke da tiyo cikin rabin awa.

Kin ce ba kya son kusantar kare, kuma na san ga da yawa daga cikinmu akwai batun tsarki a ciki. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancin Hausawa ke bi, kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai kuma ibada ce kawai; kashinsa da fitsarinsa ne najasa. Maƙwabtanku Yamanawa masu bin Shafi'iyya sun fi tsanantawa, a wurinsu sai wanki bakwai, ɗaya da ƙasa, ƴan Bangaladash masu bin Hanafiyya kuma suna ɗaukar yawun najasa. Babu abin kunya a faɗin wannan a taro, jimla ɗaya ta isa. Sai dai mai zane ba zai iya zana najasa ba, abin da zai iya zanawa shi ne hanya, da tazara, da gangare. Ki juya damuwar ta zama buƙata: hanya ɗaya daga titi zuwa wurin yara wadda ba ta haɗuwa da ta karnuka, bencina a ɓangaren da kare ba ya bi, kuma in a filin ciyawar ake sallar Idi ko taron suna, kada ruwan filin karnuka ya gangaro can. Masu tsoron kare, da tsofaffi masu sanda, da iyaye masu keken jarirai duk za su mara miki baya a kan waɗannan, ko da ba addininku ɗaya ba.

Shi kansa jin ra'ayin yana da lauje. Masu kare suna haɗuwa kullum safe da yamma, sun san juna, suna da zaurensu a WhatsApp ko Facebook, saƙo ɗaya zai cika ɗakin taro. Wannan ba laifinsu ba ne, amma sakamakonsa shi ne takardar tambayoyi ta intanet tana nuna ra'ayin waɗanda suka fi shiri. Direban tasi, da mai aikin kula da tsofaffi a gida, da uwar da ke girki ƙarfe shida da rabi ba sa cikin lissafi. Ki nemi a tambayi kowane mai amsawa ko yana da kare da kuma titin da yake zaune, a fitar da sakamakon kashi-kashi. Ki nemi zama na biyu a cikin lambun kansa ranar Asabar da rana, inda za a nuna iyakoki da igiya a ƙasa. Mutane sun fi gane ƙafa goma in sun gan ta. In ranar ta faɗo lokacin buɗa-baki ko Juma'a, ki rubuta wa ofishin majalisar unguwa tun da wuri. Wata dokar birni ta 2017 ta wajabta wa hukumomi fassara muhimman takardu cikin harsuna goma, Larabci da Faransanci na ciki, Hausa ba ta ciki, amma kina iya neman tafinta in kin sanar kwanaki kafin taron. Ba a buƙatar zama ɗan ƙasa kafin a yi magana. Ki sanar a masallaci da wurin iyayen makaranta. Mutum biyar daga gini ɗaya, kowa da batu ɗaya, sun fi mutum ɗaya mai batu biyar.

Minti biyu ko uku za a ba ki. Ki faɗi titinku da cewa tagarki na kallon filin, ki ce kina goyon bayan gyaran, ki ɗaga hotunan ruwan nan biyu, sannan buƙatu uku kacal: ƙofa ta koma nesa da wurin yara, tazara mai shuke-shuke tsakanin shingaye biyu, da magudanar da ta juya baya ga lilo. Sauran ki miƙa a rubuce, ki aika kwafi ga ofishin kansila, tunda sau da yawa shi ya kawo kuɗin. Kafin ki fita, ki nemi jagoran masu karen ku gaisa. Su ma laka da wari sun ishe su, kuma takardar da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu tana da wuyar turewa.

Ranar da aka dawo da zane, kada kyawun launi ya ɗauke miki hankali. Ki nemi takardar da ke nuna gangare, mai ƙananan kibiyoyi da lambobin tsayin ƙasa, ki bi kibiyoyin da yatsa ki ga inda suka ƙare. Ki nemi hoton yankan ƙasa da ke nuna abin da ke ƙarƙashin shimfiɗa, ki duba ko bututun yana nan da kaurin dutsen. Ki auna tazarar shingaye da ma'aunin da ke gindin takardar. Sannan ki tambaya: in farashin ƴan kwangila ya haura kasafi, me za a fara cirewa? In aka ce magudana ko famfo, ki nemi majalisar unguwa ta rubuta cikin ƙudurinta cewa amincewarta ta rataya ne a kan su, a cire kayan tsalle-tsallen karnuka da adon shinge tukuna. In kuɗin bai kai ba duk da haka, wasu kansilolin suna ware wani kaso da mazauna yanki ke zaɓar aikin da za a yi da shi ta ƙuri'a, tsarin da birnin ya fara a 2011. Aikin sai ya kai dala 50,000, kuma duk mazaunin da ya cika shekara 11 yana jefa ƙuri'a, ba a tambayar takardun zama. Ki tambayi ofishin kansilanku ko yana cikin masu yi a bana, da watan da ake karɓar shawarwari.